Waiwaye: Tun Yaushe Taurari Suke "Tafiya da Baya"?

Sau uku ko huɗu a shekara sai intanet ta cika da gargaɗi: wai Uɗaridu (Mercury), tauraron da ya fi kusa da rana, ya juya da baya, kada a sa hannu a kwangila, kada a sayi sabuwar waya. Daga Turai da Amurka yayin ya taso, yanzu har yaranmu na turawa a WhatsApp. Sai musu ya kaure. Wannan ya ce ai kimiyya ce, wancan ya ce duk mai lissafin taurari boka ne. Dukansu sun cakuɗa abu biyu da magabata suka sha wuya kafin su raba: ilmin falaki, wato lissafin tafiyar taurari, da kuma duba da taurari.

Shi dai ganin tauraro na komawa baya gaskiya ne. In ka bi jan tauraron nan Mirriku (Mars) dare bayan dare, za ka ga yana matsawa gabas a tsakanin sauran taurari, sai ya tsaya cak, ya koma yamma na wajen wata biyu da rabi, sannan ya ci gaba. Haka ya yi daga Disambar 2024 zuwa Fabrairun 2025. Duk wanda ya taɓa zama gefen taga a hanyar Kano zuwa Zariya ya san sirrin: lokacin da direba ke wuce tirela, sai ka ga kamar tana sulalewa baya, alhali gaba take yi. Duniyarmu na zagaye rana a kwana 365, Mirriku a 687, shi ya sa muke wuce shi. Uɗaridu kuwa, mai kwana 88, shi ke wuce mu.

Mutanen Babila sun rubuta wannan tsayawa da juyawa a allunan laka, suna ɗaukarsa ishara ga sarki. Wajen shekara ta 150, masanin taurari Baɗlaimus (Ptolemy) na Iskandariyya a Masar ya bayyana shi da ƙaramar da'ira mai juyawa a kan babba, duniya na tsakiya. Shi ɗin dai ya rubuta wani littafin na duba da taurari. A 1543 masanin Turai Kofanikus (Copernicus) ya sa rana a tsakiya, a 1609 Kefla (Kepler) ya gyara siffar hanyar Mirriku. Nan darasin makaranta ke tsayawa.

Abin da ake tsallakewa yana tsakanin nan. Larabawa sun kira taurari biyar masu wannan juyawa "mutahayyira", wato masu ɗimuwa, kuma duk mai zaman tafsirin azumi ya wuce ta kansu ko bai lura ba. A Suratut Takwir, inda aka yi rantsuwa da "alkhunnas", Jalalaini ya ce su ne Zuhalu da Mushtari da Mirriku da Zahra da Uɗaridu, masu komawa baya a tafiyarsu. Ashe malaman ba su ɗauki lura da wannan motsi a matsayin bokanci ba. Abin da suka ƙi shi ne a ce juyawar tauraro ce ke kashe aure ko karya jari. Ibn Sina ma ya yi raddi ga masu duba.

Rabuwar ba ta zo da sauƙi ba, don kuɗin binciken sama galibi daga fada yake fitowa, sarakuna kuwa labarin gobe suke so. Ko ɗakin nazarin taurari na Maraga, a ƙasar Iran ta yau, da aka kafa a 1259 ƙarƙashin Nasiruddin Ɗusi, sarkin Mongol ne ya ɗauki nauyinsa. Amma a cikin wannan ƙarni wani muƙami ya bayyana a manyan masallatan Masar, daga baya Sham: muwaƙƙiti, mai fitar da lokutan salla da alƙibla. Da haka mai ilmin falaki ya samu abincinsa ba tare da ya duba wa kowa sa'a ba. A ganina nan ne akalar ta juya.

Dubi Ibn Shaɗir, muwaƙƙitin Masallacin Umayyawa na Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375. Ya sassaƙa agogon rana a kan farin dutse mai tsawon kusan mita biyu, aka ɗora a hasumiya, inuwa na nuna wa ladan azahar da la'asar. Ban da wannan aiki, ya kuma zauna yana gyara da'irorin Baɗlaimus, musamman na wata da na Uɗaridu, tauraron da ya fi kowanne gagara. Bai matsar da duniya daga tsakiya ba. Amma a shekarun 1950 masu bincike suka tarar lissafinsa na wata da na Uɗaridu daidai yake da wanda Kofanikus ya fitar shekara fiye da 150 bayansa, kuma har yau masana tarihi na muhawara kan hanyar da ya bi ya isa Turai.

Duba bai mutu ba, gida kawai ya sake: daga fada zuwa kalandar kasuwa, zuwa shafin jarida a ƙarni na 20, yanzu zuwa manhajar waya. Jadawalin da yake dogaro da shi har gobe daga ƙasa yake kallon sama, yana sa alama a ranar da tauraro ya juya. Masu falaki ne suka lissafa ranar, daidai har zuwa minti, shi ya sa take kama da hujja. Yaron da ya haddace sunayen taurarin nan a aji, ba a taɓa fitar da shi tsakar gida bayan isha a nuna masa jan Mirriku ba, shi ne ke karɓar saƙon a wayarsa.