Waiwaye: Madatsun Ruwa da Girgizar Ƙasa a Gaɓar Nilu

In ana zancen madatsar ruwa a Mai Wurno ko Damazin, garuruwanmu na Sudan da ke gaɓar Nilu, ambaliya da noma da wutar lantarki ake nufi. Girgizar ƙasa ba ta cika shigowa hirar ba, alhali kogin nan yana da tarihi da ita.

Tun shekarun 1930 masana suka fara lura, lokacin da aka cika tafkin madatsar Hoover a Amurka, ƙasar wurin ta riƙa motsi. A 1967 abin ya ci rai a madatsar Koyna ta Indiya: girgiza mai ƙarfin 6.3 a ma'aunin girgizar ƙasa ta kashe mutane kusan 200. Nauyin ruwan ne ke danne dutse, ruwan kuma ya tsiyaya cikin tsohuwar tsagar ƙasa ya sassauta mata riƙo, sai ta zame. Haka yake faruwa in aka tura ruwa da ƙarfi cikin rijiyar mai. A filin mai na Rangely a Amurka, tsakanin 1969 da 1973, an gwada: aka ƙara matsin ruwa girgiza ta ƙaru, aka rage ta lafa. Wato abu ne da hannun mutum ke iya sassautawa.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na 14 ga Nuwamba 1981. Girgiza mai ƙarfin 5.3 ta afku a Kalabsha, kudu da Aswan ta Masar, a gefen tafkin madatsar Aswan da ya cinye tsohon garin Wadi Halfa na Sudan. Shekara 17 ke nan da fara tara ruwan. Sai a 1982 Masar ta kewaye wurin da na'urorin awo.

Mu kuma an ƙara wa madatsar Rusairis da ke Damazin tsayin mita 10 a 2013, ga ta Habasha can sama, mai cin ruwa kubik mita biliyan 74, da aka fara cikawa a 2020. Yawancin madatsun duniya ba su taɓa girgiza kowa ba, kada a tayar wa jama'a hankali. Amma ranar da kofunan shayi suka kaɗa a kan faranti, bangon laka ya tsage, masunci zai tambayi dalili, kuma babu mai amsa masa sai wanda ya daɗe yana awo. Abin da nake so in gani ke nan: na'urori a gaɓar tafkunan, a riƙa cikawa da sakin ruwa a hankali, Sudan da Habasha da Masar kuma su riƙa nuna wa juna abin da suka auna.