Maƙalewa a Kiɗan Fiyano Mai Wuya: Tambayoyi da Amsoshi

A Jos, da yawa daga cikin masu koyon fiyano a coci suka fara, suna raka mawaƙa a kan kibod, da kunne ko da tsarin do-re-mi. Sa'ad da suka koma ga rubutaccen kiɗa, sai ka ga ɗalibi ya shafe wata uku a kan shafi guda, daga bisani ya rufe takardar bai sake waiwayarta ba.

Me ya sa ɗalibi yake iya farkon kiɗa amma tsakiyarsa ta gagare shi?

Dalili na farko yana cikin kiɗan kansa. Für Elise, wanda Beethoven ya rubuta a 1810 kuma ba a buga shi ba sai 1867, bayan rasuwarsa da shekara 40, yana farawa da sauƙi, domin hannuwan biyu karɓa-karɓa suke yi. Can gaba kuwa akwai wurin da hannun dama yake gudu ƙwarai, da wani inda hagu yake maimaita sauti ɗaya babu tsayawa yayin da dama yake danna maɓallai da yawa a tare. Wanda farkon ya ja hankalinsa bai san abin da ke jiransa ba.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi yin ɓarna, ɗabi'a ce: duk lokacin da ɗalibi ya yi tuntuɓe sai ya koma farko. A zama ɗaya yakan kaɗa layin da ya riga ya iya sau ashirin, wurin da ke ba shi wahala kuwa sau biyu ko uku, kuma kowane karo da kuskure iri ɗaya, har yatsu su haddace kuskuren.

To, yaya za a yi da wurin da ya gagara?

A ɗauki fensir a kewaye shi, kada ya wuce gaɓa biyu ko uku (gaɓa ita ce ɗan yankin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar kiɗa). A tsayar da yatsan da zai danna kowane maɓalli, a rubuta lambarsa a kan takardar, domin wanda yake sauya yatsu kullum sabon abu yake koya kullum. A koya wa kowane hannu aikinsa shi kaɗai, sannan a haɗa su a hankali ƙwarai, yadda kuskure ba zai sami hanyar shiga ba, ko da kiɗan ya daina yin daɗi a kunne. Manhajar ƙidayar bugu da ke cikin waya tana taimakawa a nan: sai an yi daidai sau biyar a jere kafin a ɗan ƙara sauri. Yana da kyau kuma a riƙa haɗawa da sauti ɗaya na gaɓar da ke biye, saboda a mahaɗa ake yawan karyewa.

Wata wahalar ba ta bukatar fiyano ma. A Fantaisie-Impromptu na Chopin, hannun dama yana kaɗa sauti huɗu a daidai lokacin da hagu yake kaɗa uku, kuma ana iya koyon wannan da bubbuga tebur ranar da aka ɗauke wuta. Minti ashirin kowace rana ya fi awa uku a ranar Asabar kaɗai, domin abin da hannu ya koya yakan ƙara zama bayan an yi barci.

Ta yaya ake gane cewa kiɗa ya fi ƙarfin mutum?

Hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Landan, wadda aka kafa a 1889, ta kasa koyon fiyano zuwa mataki takwas, kuma jerin kaɗe-kaɗen kowane mataki ma'auni ne mai amfani ko ga wanda ba zai zauna jarrabawa ba. Nawa ma'aunin shi ne: idan bayan mako biyu ɗalibi bai iya kaɗa shafin farko da hannu ɗaya a hankali ba, ko kuwa wahalar tana cikin kowane layi, to lokacin kiɗan bai yi ba. Gajerun darussa 25 na Burgmüller da ƙananan kaɗe-kaɗen fiyano na Clementi an yi su ne domin cike irin wannan giɓi.

Shin kayan kiɗan na da nasa laifin?

Wani lokaci. Cikakken fiyano maɓalli 88 gare shi, kuma suna da nauyi a ƙarƙashin yatsa, alhali kibod ɗin da aka fi samu 61 ne marasa nauyi. Wasu sautuka ba sa nan sam, sannan tausasa sauti da ƙarfafa shi ba sa koyuwa yadda ya kamata. Wanda yake da irin wannan ya nemi izinin zama a kan cikakke ko sau ɗaya ne a mako.

Idan hannu ya fara ciwo fa?

A tsaya nan take. Robert Schumann ya so ya zama shahararren makaɗin fiyano, amma lahanin da ya sami hannunsa na dama ya raba shi da wannan buri. A sanyin hunturun Jos, a ɗumama hannu a ruwa mai ɗumi kafin a fara, kuma ciwon da ya ƙi tafiya a kai shi asibiti.

Ajiye kiɗa ba gazawa ba ce?

Ya danganta da yadda aka ajiye shi. Abin da ke damuna shi ne ɗalibin da ya rufe takarda cikin ɓacin rai, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa, har ya bar fiyanon baki ɗaya. Wanda ya rubuta a gefen takardar abin da ya gagare shi da kwanan wata, ya nemi kaɗe-kaɗe biyu ko uku masu sauƙi da ke horar da wannan abu, ya kuma sa ranar da zai dawo bayan wata shida, yana nan cikin aikin. Kafin ya ajiye, ya ɗauki muryar kiɗansa a waya, domin ranar da ya dawo ya sami abin da zai gwada da shi.