Waiwaye: Birkin Garkuwar Jiki da Zaman Ciwon Hanta

Tun da Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B a cikin jini a 1965, wata tambaya ta yi ta ci wa likitoci tuwo a ƙwarya. Me ya sa babba kan kamu, jikinsa ya kore ta cikin watanni, amma jariran da suka ɗauka wajen haihuwa, tara cikin goma takan zaune musu har girma? A hankali aka gane cewa ba ƙwayar ce ke lalata hanta da kanta ba. Sojojin jiki ne, ƙwayoyin T, ke yin ɓarnar wajen farautarta.

Hanta dama gidan sulhu ce. Yawancin abin da hanji ya tsotsa ta nan yake bi, shi ya sa take cike da sinadaran kwantar da tarzoma irin su IL-10 da TGF-beta. Wannan haƙurin ne cutar ke fakewa da shi.

A 1992 Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto ya gano PD-1, wanda daga baya aka tabbatar birki ne a jikin ƙwayoyin T. A 2006 ɗakin binciken Rafi Ahmed a Jami'ar Emory ta Amurka ya nuna a jikin ɓeraye cewa idan cuta ta daɗe, birkin kan danne sojojin har su galabaita, in an saki kuma su farfaɗo. Shekara guda bayan nan masu bincike a Parma ta Italiya suka ga wannan gajiyar a jinin masu nau'in B.

A ganina TGF-beta ya fi ban tsoro. Yana kwantar da sojoji, yana kuma sa hanta tara tabo har ta ƙandare, daga nan hanyar sankara ta buɗe.

An samu magungunan sakin birki, kuma a 2017 Amurka ta amince da ɗaya daga cikinsu, nivolumab, don sankarar hanta. Sai dai sojan da aka kwance kan afka wa lafiyayyar hanta, don haka har yau tenofovir, mai danne ƙwayar ba tare da kawar da ita ba, yana cikin manyan magungunan da ake ba masu nau'in B. A Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya samu nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64, ga kuma jarirai da dama da ake haifa a gida, allurar rigakafin awa 24 na farko tana wuce su.