Wanda lakarsa ta taɓu, a daina ce masa gobe zai miƙe

Jama'a akwai maganar da ƴan dubiya suka saba yi wa wanda ya ji rauni a laka, wai "kar ka damu, nan da sati biyu ka miƙe". Na san da zuciya ɗaya ake faɗa, amma mu da muke aikin gashin ƙashi muna ganin ɓarnar da take yi. Sati biyu ya wuce, wata uku ya wuce, ƙafa ko motsi, sai bawan Allah ya fara zargin kanshi ko ya ce sammu ne, a sayar da gona a sayar da babur ana yawo daga wannan mai ɗori zuwa wancan, shi kuma ya ƙi ko kallon keken guragu don a ganinshi hawa keken ya nuna ya fid da rai kenan.

Laka ita ce ta ratsa cikin ƙashin gadon baya tana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. In a wuya ta taɓu har hannu yakan shafa, in a ƙasa ne ƙafafu ne da fitsari da bayan gida. Wanda lakarshi ba ta yanke duka ba yana iya samun sauƙi, galibi a watanni shida na farko, wani har shekara ɗaya ko biyu. Amma ɗori na ƙashi ne, ba a ɗora laka, ja da murɗa ma na iya ƙarasa ɗan abin da ya rage. A je Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa a tambayi likita gaskiyar magana, kuma a gaban mai ciwon, ba a ja yayanshi gefe ana ƙus-ƙus ba.

Kuma dan Allah a bar mutum ya yi kukanshi. Da ya zubar da hawaye sai a taso mishi da "ina imaninka", haba, Annabi Yakubu ai sai da idanunshi suka yi fari don baƙin ciki. Karɓar ƙaddara ba rana ɗaya take zuwa ba, yau ka ganshi yana raha gobe ya juya wa bango fuska, duk hanya ce. Abin da ba za a zuba wa ido ba shi ne in ya haura sati biyu ba ci ba barci, ba ya son a juya shi, yana cewa ya zame muku kaya gara ya mutu. Wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 20 zuwa 30 cikin 100 na masu raunin laka na da alamunshi. Ƙin juyin nan ma ba ƙaramin abu ba ne, ai duk awa biyu ake so a sauya mishi kwanciya, in ba haka ba gyambon kwanciya ya ɓalle a ƙugu, wani gyambon sai ka hango ƙashi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, abin da ya fi cin ran magidanci ba ƙafar ba ce sau da yawa, robar fitsari ce da gyaran bayan gida da tambayar da yake kunyar yi a kan iyalinshi. A sa labule, a fitar da yara in za a gyara shi, a rufe jakar fitsarin da zani in baƙi sun shigo. Da tsari na lokacin fitsari da bayan gida, da yawansu na koyon kula da kansu, wasu kuma sun haihu bayan raunin. Maganar tsarki da salla a zaune ko a kwance a kira malami ya yi mishi bayani, akwai rangwame, wasu wallahi tunanin sallarsu ba ta karɓuwa ne ke hana su barci.

Sannan a daina yanke magana a kanshi yana kwance yana ji. Kuɗin cefane ya bi ta hannunshi ko da wani ne ya kawo, lissafin shago a kawo mishi, maganar auren ƴarshi a nemi bakinshi. A zuba siminti a dakalin zaure keke ya iya fita majalisa da masallaci. In akwai wanda ya shekara biyar a keke yana sana'arshi, a haɗa su, hirar awa ɗaya da shi ta fi duk surutun da mu ma'aikata za mu yi.

Mai jinya kuma, yawanci mata ce ko uwa, ita ma a dinga karɓarta, juyin dare kaɗai ya isa ya karya mutum. In kun ji ya ambaci kashe kanshi kar a ce wasa ne, a ɗauke magunguna da fiya-fiya daga kusa da shi, kar a barshi shi kaɗai, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa ranar, akwai a Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, akwai Kware a Sakkwato.