Malam-buɗe-littafi ba fure kawai yake sha ba

Mutane da yawa sun ɗauka wai malam-buɗe-littafi ɗan gayu ne, ba abin da yake taɓawa sai ruwan zaƙin fure. To ba haka bane fa. Ka je bakin kogin Binuwai a garin Garwa na ƙasar Kamaru lokacin damina, wajen da shanu suka sha ruwa suka yi fitsari, zaka gansu sun taru gungu a kan jiƙaƙƙen yashi suna ta tsotsa, kuma yawancinsu maza ne, gishiri suke nema don ruwan fure kusan sukari ne zalla, gishirin kuma namiji yana miƙa wa tamace lokacin barbara, ya amfani ƙwai. Shi yasa ma wani zai sauka a hannunka in kayi zufa.

Akwai irin da ake kira Charaxes, su kam ruɓaɓɓen mangwaro da kashin dabbobi sun fi musu fure nesa ba kusa ba, abin ƙyama dai amma haka Allah ya yi su. Duk malam-buɗe-littafi basu da haƙori, dogon baki ne da suke naɗewa, ɗanɗano kuwa da ƙafa suke ji.

Da dare a ƙarƙashin ganye suke maƙalewa, fiffike a rufe.