Waiwaye: Yadda gigabait biyu ya zama katanga ga ofisoshinmu a Jidda da Makka

Kowace shekara idan cunkoson Hajji ya lafa, sai musu ya tashi tsakanin 'yan'uwanmu masu ofisoshin aika kaya a Jidda da masu hidimar baƙi a Makka: rumbun bayanan Microsoft Access da aka shekara goma ana aiki da shi ya tsaya cak, ya ƙi karɓar ko suna ɗaya, alhazai na tsaye da jakunkuna a bakin sikeli. Wasu su ɗora laifin kan yaron da ya haɗa manhajar, wasu su ce kwamfutar ce ta tsufa, har a sayo sabuwa a tarar matsalar tana nan daram. Ciwon ya daɗe a jiki, ranar ce dai ya kwantar da mai shi.

Farkon labarin sananne ne. A shekarun 1980, cikin manhajojin rumbun bayanai dBASE ne ke tashe, FoxPro ya biyo baya, sannan Access ya fito a Nuwamba 1992, ya sa mai shago zai iya haɗa tebur da fom da rasit ba tare da ya zama injiniya ba. Girman fayil a Access 97 yana tsayawa a gigabait 1. Access 2000, wanda ya fito a 1999, ya ɗaga iyakar zuwa gigabait 2, ya kuma zo da Unicode, tsarin da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, abin da ya ba mu damar rubuta sunan mutum da Larabci da boko a teburi guda, har da ƙ da ɗ. Kowane harafin Larabci yana cin bait 2, amma wannan bai taɓa zama abin damuwa ba. Daga 1999 zuwa yau iyakar ba ta gusa ba.

Abin da masu musu ke tsallakewa shi ne lokacin da hoto ya shiga cikin fayil ɗin. A yi lissafi. Bayanin mutum ɗaya, wato suna, lambar fasfo, lambar waya, gari da nauyin kaya, da kyar ya kai kilobait 1. Da irin wannan, gigabait 2 zai ɗauki kusan layi miliyan biyu, kuma ƙaramin ofis zai tsufa bai cika shi ba. To sai na'urar sikanin ta yi araha, aka ga ya fi sauƙi a manna hoton fasfo ko na iƙama a jikin bayanin mai shi maimakon a riƙa tonon takardu a durowa. A tsohon tsari ta gurbin OLE, wato gurbin cusa fayil a cikin teburi, ake sa hoto, shi kuwa yakan ajiye shi a siffar da ba a matse ba, sai hoton da bai taka kara ya karya ba ya kumbura ninki-ba-ninki. Access 2007 ya kawo gurbin haɗa fayil wanda ya rage wannan kumburi, kuma sauƙin nasa ne ya sa aka ƙara sakin jiki. Hoton sikanin mai kilobait 500 guda 4,000 kacal ke cika rumbun. Da aka koma ɗauka da waya, inda hoto ɗaya kan kai megabait 3, ko 700 ba za a kai ba. Ofishin da ke sallamar mutum 100 a rana lokacin Hajji, a mako guda zai cinye abin da rubutu zalla ba zai ci a shekara ashirin ba.

A nan aka yi sake. Teburi wurin lissafi ne, aka mai da shi sito, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin duba girman fayil ɗin ko da sau ɗaya a wata, alhali danna linzami sau biyu ne. Ƙari a kan haka, goge tsofaffin bayanai ba ya rage girman fayil ɗin Access. Wurin da suka bari yana nan har sai an yi wa fayil ɗin Compact and Repair, wato matsewa da gyara, wanda ke buƙatar kowa ya fita daga rumbun. A ofishin da ake aiki tun bayan Asuba har tsakar dare, yaushe za a samu wannan sarari?

Sai batun yawan hannu. A takarda, mutum 255 na iya buɗe fayil ɗaya lokaci guda, amma a aikace tun kafin a je ko kusa da nan ake jin nauyi. Dalili shi ne babu wata manhaja a tsakiya mai tsara shiga da fita: kowace kwamfuta ita ke karanta sassan fayil ɗin ta rubuta a ciki da kanta. Idan Wi-Fi ya yanke tana tsakiyar rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa ga kowa. Masu reshe a Makka da Jidda da ke sa fayil guda a jakar da ke daidaita kanta ta intanet, su kan wayi gari da kwafi biyu masu saɓanin lissafi. Da harajin VAT ya fara a Janairu 2018, rasit na lantarki kuma ya zama wajibi a Disamba 2021, bayanan da ake adanawa sun ƙaru, amma sun tarar da rumbun ya riga ya cika da hotuna. Komawa Excel ba mafita ba ce: shafinsa na tsayawa a layi 1,048,576, kuma ba ya hana a shigar da fasfo ɗaya sau uku.

Kafin a kashe ko riyal ɗaya, a fitar da hotunan zuwa jaka ta daban, a bar sunan fayil kawai a teburi, sannan a matse rumbun. Sau da yawa wannan kaɗai yakan dawo da shi ƙasa da megabait 200. A raba shi biyu: tebura a wuri guda, fom da rahoto kuma kowace kwamfuta da kwafinta, a haɗa su da kebul. Ofishin mutum huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya zai daɗe a haka lafiya lau.

Wanda ke da rassa, ko bayanansa zalla suka haura gigabait 1, lokacin komawa kan saba ya yi, wato manhajar tsakiya mai tsara shiga da fita. SQL Server Express kyauta ne, kuma daga fitowar 2008 R2 zuwa ta 2022 iyakarsa gigabait 10 ce ga kowane rumbu. Manhajar ƙaura ta Microsoft mai suna SSMA tana kwashe teburan daga Access zuwa SQL Server, a ci gaba da aiki da tsofaffin fom ta hanyar ODBC, wato mahaɗin da ke sada fom ɗin da sabon rumbun, ma'aikata ba sai sun koyi sabon abu ba. PostgreSQL shi ma kyauta ne, teburi ɗaya a cikinsa na iya kai terabait 32, sai dai yana son wanda ya iya kula da shi. SQLite yana ɗaukar bayanai masu yawan gaske, amma marubuci ɗaya yake bari a lokaci guda, don haka ya fi dacewa da manhajar kwamfuta ɗaya ko ta waya.

Wurin ƙaura, kwanan wata ne ya fi kayar da mutanenmu. An saba buga shekarar Hijira kamar 1445 a gurbin Miladiyya, Access ya karɓa domin yana farawa daga shekara ta 100. Gurbin datetime na SQL Server kuwa daga 1753 yake farawa, sai ya yi watsi da layin. 30 ga Safar ma a wurin manhaja 30 ga Fabrairu ne, wanda babu shi, shi ya sa wasu suka riƙa ajiye kwanan wata a matsayin rubutu. Dole a juya su duka zuwa Miladiyya tukuna, Hijirar a riƙa nuna ta a fom. Kowane teburi a ba shi lambar shaida da ba ta maimaituwa, in ba haka ba za a iya karantawa amma ba za a iya gyarawa ba. A gwada komai a kan kwafi, a ƙirga layukan kowane teburi kafin da bayan ƙaura, kuma a yi aikin a Muharram ko Safar, kafin Umrar Ramadan ta kankama.