Ƙosai

Ƙosai abinci ne da ake yi da markaɗaɗɗen wake, a buga ƙullin har ya tashi, sannan a riƙa ɗiba da cokali ko da hannu ana sakawa cikin mai mai zafi. A ƙasar Hausa an fi saninsa da karin kumallo, tare da koko ko kunun tsamiya, har sunayen suka zama tamkar tagwaye a bakin mutane: koko da ƙosai. Idan azumi ya kama sai ya koma yamma, ya shiga sahun kayan buɗa baki. Ana cin sa da yaji, wasu kuma su tsaga burodi su cusa shi a ciki.

Sunaye da yaɗuwa

Yarbawa da Ibo suna ce masa akara. A Gana ana kiransa koose, sunan da ya samo asali daga Hausa, kuma matan zango sun yi fice wajen sayar da shi tare da kokon da mutanen can suke laƙaba wa sunan Hausawa. Ya haye teku tun zamanin cinikin bayi, ya sauka a jihar Bahiya ta ƙasar Birazil, inda ake ce masa acarajé, ana soya shi da manja a tsaga a zuba masa haɗi a ciki. A 2005 hukumar kula da kayan tarihi ta Birazil ta sanya sana'ar matan da ke soya shi cikin al'adun gado na ƙasar.

Farin wake aka fi amfani da shi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake a duniya, Nijar na biye da ita, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshiyar ƙwayarsa furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Wannan furotin ɗin ne ke sa ƙosai ya riƙe ciki har azahar, kuma shi ne sirrin tashinsa.

Yadda ake yin sa

Ana jiƙa wake na ɗan lokaci kaɗan, iya yadda ɓawon zai saki, a surfa a turmi ko a murje da hannu, a yi ta wankewa ana tsiyaye ɓawon da ya taso har waken ya fita fari tas. Daga nan sai markaɗe, da albasa da attarugu. Duk yarinyar da aka taɓa aika wurin mai inji ta san saƙon da ake haɗa ta da shi: "Ki ce masa na ƙosai ne, kada ya cika ruwa." Ƙullin alala yana son ruwa, na ƙosai kuwa kauri yake so.

Bugu shi ne aikin gaske. Ƙosan gargajiya ba a sa masa yis ko wani abin kumburi; iskar da muciya ko ludayi ke turawa cikin ƙullin ita ce ke ɗaga shi, furotin ɗin wake kuma ya riƙe ta kamar yadda farin ƙwai ke riƙe kumfa. Ƙullin da ya bugu yakan ƙara fari, ya ƙaru a ƙwarya, ya yi sauƙi a hannu. Ana gwada shi da ɗigo guda a kofin ruwa: in ya yi iyo ya isa, in ya nutse da sauran aiki. Gogaggun masu sana'a ba sa zuba gishiri a ƙullin gaba ɗaya. Sukan ɗebi abin da kasko zai ɗauka a ƙaramar ƙwarya, su sa gishiri, su sake bugawa, su soya nan take, domin ƙullin da ya zauna da gishiri yakan saki ruwa ya kwanta.

Mai ma yana da nasa sharaɗi. In bai yi zafi ba ƙosan ya sha mai ya yi nauyi, in ya wuce kima wajen ƙosan ya ƙone cikin yana ɗanye. Wanda ya dace, da an saka ƙulli zai ɗan nutse, ya taso yana ƙara, a juya shi sau ɗaya, a tsame da matsami idan ya yi ja.

Sabbin dabaru a gida

Ɗakin girki na yau ya shigo da gwaje-gwaje iri-iri, kuma kusan dukkansu nasararsu tana rataye ne a kan tambaya guda: iskar ta zauna ko ta fice? Bilenda ta sauwaƙe zuwa inji, amma ba ta juyawa sai da ruwa, shi ya sa ƙosan masu sabon farawa yakan baje a kasko. Maganinsa a riƙa markaɗa waken kaɗan-kaɗan. Na'urar buga kek kuwa alheri ce, don cikin 'yan mintuna take yin abin da zai gajiyar da damtse. Wasu suna fasa ɗanyen ƙwai a ƙulli, wasu su lulluɓe yankan dafaffen ƙwai da shi, wasu su sa kifi, kabeji, karas ko zogale. Duk abin da za a ƙara, gara ya shiga bayan an gama bugu, an tsane masa ruwa, a juya a hankali. Abu mai maiƙo idan ya shiga tun farko yana hana kumfar tsayawa.

Garin ƙosai, wato waken da aka surfe aka shanya aka niƙa, yana ceton mai sammakon fita aiki. Sai dai idan niƙan ya yi laushi kamar fulawa ƙosan yakan fito da tauri. Mai ɗan tsaki-tsaki ya fi, kuma yana buƙatar a kwaɓa shi a bar shi ya sha ruwa kafin bugu. Masu gudun mai suna gasa ƙullin a gwangwanin kek, abin da ke fitowa kuwa ya fi kusa da alala, don ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras sai a cikin mai ake samunsa. Akwai kuma ƙosan rogo, wanda suna kawai ya ara, ba a buga shi.

Ƙulli ba ya jure zafin gari, cikin sa'o'i kaɗan yake tsami. Mai son ajiya sai ta adana surfaffen waken, a bushe ko a firji, ta markaɗa ranar da za ta soya.